Wayar Haƙora da Wushiryar Gado

Ina ɗan shekara ashirin da bakwai aka sa wa haƙorana waya. A lokacin ina koyar da 'yan aji huɗu a firamaren ƙauyenmu, tafiyar rabin awa a babur daga Ɗambatta, in an tashi daga makaranta kuma in wuce gona. Kafin nan iyakar abin da na san ana yi wa haƙori shi ne a goge shi da asuwaki, in ya matsa wa mutum a cire shi.

Ga yadda bakina yake a da. Haƙoran sama guda huɗu sun yo gaba, kamar suna so su riga ni shiga ɗaki. Leɓena ba ya rufe su sai in na tuna. Tsakanin biyun tsakiya akwai wushirya mai faɗi, wadda tsinken tsire yake ratsawa bai taɓa ko'ina ba. Na ƙasa kuwa sun cunkushe kamar fasinjojin motar kasuwa, kuma in na rufe baki ba sa tsayawa a kan na sama, sai su zarce su soki dasashin da ke bayansu. Na saba da hakan tun ina ƙarami. Ina tauna a gefe, ina tofar da ɗan jini jefi-jefi, ina zaton kowa ma haka yake fama.

Wata damina ce abin ya ƙi ɓoyuwa. Masara ta nuna, muka gasa a gona, na ci huɗu a zaune. Washegari dasashin ya kumbura har ba na iya haɗa baki. Mai kemis ya ba ni ƙwayoyi, kumburin ya sauka, bayan mako biyu ya dawo. Ranar Lahadi na shiga kasuwar Ɗambatta, wani abokina ya ja ni wurin mai cire haƙori da ke shimfiɗa tabarma bayan 'yan awaki. A gabansa akwai kwalba cike da haƙoran mutane. Ya leƙa bakina, ya girgiza kai cikin tausayi.

"Malam, waɗannan huɗun ai sun gaji da zama da kai," in ji shi. "Ka ga har sun kama hanya. Bari in ƙarasa musu yanzu, kasuwa mai zuwa in kawo maka na roba, farare tas."

Na ce masa zan je in yi alwala in dawo. Har yau ban koma ba.

A asibitin gwamnati na samu wani dattijo mai duba haƙora. Ya daɗe yana haska bakina, sannan ya ce babu tsutsa, babu ruɓa, haƙorana ƙalau suke. Jerinsu ne bai yi ba. Ya ce akwai likitocin da ba su da wani aiki sai gyara jerin haƙora, amma sai Kano, a babban asibiti. Ya rubuta mini takarda.

Ranar da na sauka a tasha a Kano, na yi kuskuren yi wa mai a-daidaita-sahu bayani fiye da kima. Da ya ji waya a haƙori sai ya ce ai ba sai na je asibiti na sha layi ba, ya san wuri. Ya sauke ni a ƙofar wani shago inda ake lalle da gyaran farce. Wata mata mai fara'a ta fito da faranti cike da ƙananan robobi kala-kala.

"Wane launi kake so? Shuɗi ya fi yi wa maza kyau. Minti talatin an gama."

Na ce, "An ce mini sai an ɗauki hoton baki tukuna."

"In an gama sai ka ɗauka da wayarka."

"Amma zai gyara haƙoran?"

Ta dube ni da mamaki. "Gyara kuma? Malam, ado ne fa."

Na gode mata da ta faɗa mini gaskiya, na fito na tari wani ɗan sahun, na miƙa masa takardar dattijon nan ban ce uffan ba.

A asibitin na yanki kati, na zauna a benci har azahar, aka ba ni ranar dawowa bayan mako uku. Da na dawo na ga likitar. Mace ce 'yar gajeruwa, takunkumi ya rufe mata hanci da baki, ba ka ganin komai sai tabarau da idanu kamar masu dariya. Ta sa aka wanke mini haƙora, aka ɗauki hoton ƙashin bakina, sannan aka cusa mini wani abu mai sanyi kamar ƙullun ƙosai, aka ce in cije in yi shiru. Saura kaɗan in yi amai a kan takalmin nas. Daga wannan ƙullun aka zuba siffar haƙorana da farar ƙasa, sama da ƙasa, har ana buɗewa ana rufewa.

Da ta ɗora siffar a tebur na ji kunya, kamar an kama ni ina wanka. Ban taɓa ganin bakina daga waje haka ba.

Ta ce, "Malam, aikin me kake yi?"

"Koyarwa da noma."

"To, ka taɓa miƙar da bishiyar da ta karkace tana ƙarama?"

Na ce sau da yawa. Turke ake kafawa, a ɗaure ta da igiya, ana ƙara ja kaɗan-kaɗan. In ka ja da ƙarfi rana ɗaya, ka karya ta.

"Ka gama fahimtar aikina," in ji ta. Ta yi mini bayani cewa haƙori ba kafe yake a ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Yana da saiwa, kuma in aka tura shi a hankali na tsawon lokaci, ƙashin da ke gabansa yana ba shi hanya, na baya kuma yana cike gurbin. Za a manna wa kowane haƙori ɗan ƙarfe, a ratsa waya ta cikinsu, duk wata in zo a ƙara ɗaurewa. Sai an cire haƙora biyu na gefe a sama don na gaban su sami wurin komawa. Aikin zai ci shekara biyu, ko fiye in na yi wasa. In ban yi ba kuwa, na ƙasan za su ci gaba da cin dasashin har na gaban su fara girgiɗi. Da na ba ta labarin shagon lalle, ta dafe kai, ta ce irin wannan wayar da ake mannawa ba tare da an duba saiwa ba tana iya jan haƙori inda bai kamata ba.

Ina shirin tashi ta ƙara da cewa, "Wushiryar nan ma za ta rufe."

Na ce to, ban kawo komai a raina ba.

A gida Baba na fara samu a zaure. Malamin allo ne, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwarmu, don haka abin da na fi tsoro shi ne ya ce canza halitta ne. Ya saurare ni har na gama yana jan carbi, sannan ya yi mini tambaya uku. Yadda suke yanzu suna cutar da kai? Na ce e. Matar ta san aikinta? Na ce da alama. Ruwa zai shiga in ka zo kurkurar baki? Na ce zai shiga. Ya ce abin da ake gudu shi ne mai lafiya ya taɓa jikinsa don ƙawa, amma kawar da cuta magani ne. Har ya yi murmushi ya ce, "Ashe haƙora ma ana daidaita musu sahu. To liman ba zai hana ba." Ya ce a sayar da ɗan bijimin da muke turka a haɗa da riɗin da na noma.

Na ɗauka an gama. Na manta da Hajiya.

Hajiya ita ce ta haifi Baba. Ta haura tamanin, ɗakinta na kusa da garken awaki, kuma tun ina goye take kirana angonta, ni kuma in ce mata amarya, irin wasan kaka da jika. Ina cikin ba ta labarin ƙullun ƙosai tana dariya, sai bakina ya suɓuce na ce har wushiryar ma za a rufe. Dariyar ta tsaya cak. Ta ajiye goron da take kankarewa.

"Wace wushiryar?"

"Tawa mana."

"Taka? Wa ya ce maka taka ce? Ajiya aka ba ka."

Ranar na ji labarin da ban taɓa ji ba. Ta ce tana budurwa tana kai daddawa kasuwar Ɗambatta, wani saurayi mai sayar da igiya ya taya daddawarta da arhar da ta sa ta zage shi. Maimakon ya ji haushi sai ya tuntsire da dariya, ta hangi wushirya. Ta ce tun daga nan ba ta ƙara jin maganar kowane saurayi ba. Shi ne kakana, wanda ya rasu kafin a haife ni. 'Ya'ya tara ta haifa masa, babu wanda ya ɗauko ta. Jikoki sun fi arba'in, ni kaɗai na zo da ita.

"Mata a birni har kuɗi suke biya a fasa musu," in ji ta, "kai kuma za ka sayar da sa a toshe maka. In ka yarda aka taɓa ta, ka rubuto mini takardata, auren ya ƙare."

Na ce, "Amarya, ciwo nake ji."

"A cire ciwon a bar wushiryar. Yaushe za ka koma? Da ni za a tafi."

Baba ya yi ƙoƙarin hana ta, ta tuna masa wanda ya haifi wani. Ranar Talata da sassafe na goya ta a babur zuwa Ɗambatta, ta sha sabon mayafi, tana rungume da ƙullin daddawa da kuka. Na tambaye ta na mene ne, ta ce ko faɗa za ka je yi gidan mutum ba ka shiga masa hannu biyu ba komai. A mota ta samu kujerar gaba ba tare da ta roƙa ba, kuma kafin mu isa Kano duk fasinjojin sun san abin da ake shirin yi mini. Motar ta rabu biyu. Wani mai hatsi ya ce lafiya ce gaba. Mata biyu a baya suka ce wallahi Hajiya ce da gaskiya. Direba ya ce in buɗe baki ya gani a madubi, ya gani, ya ce shi dai ba ruwansa.

Da aka kira ni muka shiga tare. Likitar ta ga tsohuwa, ta miƙe, ta janye takunkuminta ƙasa don ta gaishe ta yadda ya kamata.

"Sannu da zuwa, Hajiya. An zo lafiya?"

Wannan ne karo na farko da na ga bakinta. Wushirya ce da ita, siririya, tsaf a tsakiya. Hajiya ta ƙura mata ido, ta juyo ta dube ni, ta sake duban ta.

"La'ilaha illallahu. 'Yar nan, ke da taki a baki, shi ne za ki toshe ta mijina?"

Likitar ta yi dariya har ta zauna. Nas ɗin ma ta juya baya kafaɗunta na rawa. Da dariyar ta lafa, likitar ta karɓi daddawa da hannu biyu ta yi godiya, ta ja wa Hajiya kujera kusa da ita, ta ɗauko siffar bakina.

"Hajiya, ni tawa ba ta cutar da ni. Duba tasa."

Ta rufe siffar a hankali, ta juya ta baya, ta nuna mata inda haƙoran ƙasa suke nutsewa cikin dasashin sama. Ta ce wushiryar ba ita ce cutar ba, amma turowar da haƙoran suka yi gaba ita ta ƙara mata faɗi, kuma in aka mayar da su baya dole su matso kusa da juna. Ta kama yatsan Hajiya ta ɗora a wurin.

Hajiya ta karɓi siffar tana buɗewa tana rufewa a cinyarta. Da ta yi magana, muryarta ta sauka.

"Shi ma marigayin a gefe yake tauna. Kullum da ɗan jini a asuwakinsa. Bai kai hamsin ba na gaban suka zube, ɗaya bayan ɗaya. Daga nan in zai yi dariya sai ya sa hannun riga ya rufe baki." Ta goge ido da bakin mayafi. "Mun ɗauka iska ce."

Ni kaina ban san inda zan sa idona ba. Amma Hajiya ba ta daɗewa a wuri ɗaya. Ta gyara zama irin na mai shirin ciniki.

"To, na ji. A mayar da su. Amma a rage mini. Rabi."

"Rabi ya yi yawa, Hajiya."

"Faɗin ƙwayar masara."

"Leɓensa ba zai rufe yadda nake so ba."

"Dawa."

Likitar ta yi ɗan tunani, ta ɗauki wani ƙaramin ma'auni ta gwada a jikin siffar. Ta ce ana iya barin 'yar kafa, kusan ƙwayar gero, in aka kula da ita, kuma ba ita ce ta farko da aka roƙa haka ba. Sannan ta juyo gare ni.

"Amma bakin naka ne, Malam. Ba na Hajiya ba ne, ba nawa ba ne. Me kake so?"

Ban taɓa tambayar kaina ba. Shekara da shekaru ina rufe baki in za a ɗauki hoto, ina ɗora laifin a kan komai da ke cikinsa. A zaune a kujerar nan na gane turowar ce na tsana, da jinin. Wushiryar kuwa ban taɓa jin haushinta ba. Na ce a bar mini gero.

"Gero dai, gero dai," in ji Hajiya. "An cuce ni, amma na sallama."

Aka cire haƙora biyun, bayan mako biyu aka manna ƙarafan aka ratsa waya. Sawa ba zafi. Zafin sai washegari, lokacin da kowane haƙori ya fara gaya mini sunansa. Ko tuwo na taɓa sai in ji har ƙwaƙwalwa. Kwana biyar kunu da fura kawai nake sha, ƙarafan kuma suna goge mini cikin leɓe har sai na liƙa musu wani kaki da aka ba ni. Na kwanta a tabarma ina tunanin bijiminmu, ina cewa da na bar shi da yanzu yana nan yana cin harawarsa, ni ma ina cin tuwona.

Ranar Juma'ar farko da na fita masallaci, na yi wa wani dattijon maƙwabcinmu murmushi, rana ta haska ƙarfen. Ya ja da baya.

"Ikon Allah! Yaushe ka sauke farali ba mu sani ba? Mutane ɗaya suke sawa, kai ka sa baki guda!"

Ya ɗauka haƙoran Makka ne. Kafin la'asar sunana ya koma Alhaji, kuma har aka cire wayar ba a daina ba. Wasu in mun haɗu sai su miƙo hannu su ce ina tsarabarsu, ko dabino ne.

Dokokin likita suna da yawa. Ba rake, ba goruba, ba aya, ba ƙashi, ba gasasshiyar masara a jikin totuwa. Nama sai an yanka ƙanana. Asuwaki ba ya shiga tsakanin ƙarafa, don haka aka ba ni buroshi biyu, babba da wani ɗan siriri, kuma duk abin da na ci sai na wanke baki. Malaman makarantarmu suka ga ina tsugune bakin rijiya da buroshi bayan cin ɗanwake, suka yanke hukuncin cewa budurwa na yi a birni. Da sallar layya kuwa, 'yan gidanmu na ta fama da haƙarƙari, ni ina gefe da 'yar wuƙa ina yanka hanta kamar mai ba kyanwa.

Sau ɗaya na karya doka. Hajiya ta soya ƙuli-ƙuli, ƙamshin ya cika gida, ta miƙo mini ɗaya ta ce ai angon da ba ya cin girkin amarya ba ango ba ne. Na ce a raina guda ɗaya dai. Na gatsa, na ji ƙas. Ƙarfe ɗaya ya ɓalle yana lilo a jikin waya. Da na je Kano na ce wa likita ni ma ban san yadda aka yi ba, tashi kawai na yi na gan shi haka.

Ta leƙa, ta ce, "Ƙuli-ƙuli ko aya?"

Na kawar da kai gefe.

"Ƙuli-ƙuli ne. Ka gaida Hajiya, ka ce mata ta ƙara maka wata guda."

Da na isar da saƙon, Hajiya ta koma daka mini shi a turmi tana barbaɗa mini a kan kwaɗon zogale.

Wajen wata na shida na karaya. Na duba madubi na ga bakin ya fi da muni. Gurbin haƙoran da aka cire yana nan hangame, na ƙasa sun baje, wushiryar ma kamar ta ƙara faɗi. Ga tafiyar Kano duk wata, ga ciwon kwana uku bayan kowane ɗauri, ga wasu ƙananan robobi da aka ce in riƙa maƙalawa daga sama zuwa ƙasa, waɗanda ɗaya ta taɓa tsinkewa ina tsakiyar gaida mai gari ta faɗa kan tabarmarsa. Na ce wa likita a cire mini, na haƙura. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta buɗe hotunan da ta ɗauka ranar farko, ta ajiye su kusa da na ranar, ta ce in duba dasashin. Na duba. Ramin da haƙoran ƙasa suka haƙa ya cike. Sai a lokacin na tuna rabona da ganin jini a bakina tun kafin girbi. Ta ce sai an warware cunkoso tukuna ake jerawa, kuma tsakiyar aiki kullum ita ta fi muni. Na koma na hau kujera.

Duk dawowata daga Kano sai Hajiya ta kira ni bakin ƙofarta inda haske yake, ta ce in buɗe. Da farko da ƙwayar masara take awo, daga baya ta koma dawa. Ranar da dawa ta ƙi shiga, ta ce in gaya wa likita an iso kan iyaka, a ja birki.

Shekara biyu da wata huɗu aka yi. Ranar da aka ɓamɓare ƙarafan, na zagaya harshe na ji haƙoran sumul kamar ba nawa ba. Leɓena ya rufe da kansa ba tare da na tuna masa ba. Likitar ta miƙo mini madubi, na ga wani mutum mai kama da ni, da 'yar siririyar kafa a tsakiyar haƙoransa. Na yi mata godiya. Ta shiga yi mini bayanin wata roba mai siffar haƙora da zan riƙa sawa in zan kwanta. Ta ce haƙori yana da son komawa tsohon gidansa, in na yi sakaci da robar nan duk wahalar ta tashi a banza. Har yanzu ina sa ta.

Hajiya ta dube ni sama da ƙasa da na dawo, ta sa na yi dariya sau biyu, ta ce ita wannan saurayin ba ta san shi ba, in yana son ta sai ya sake kawo kayan toshi. Na kawo mata goro da turare washegari, ta karɓa ba ko kunya.

Abin da ban zata ba shi ne zan zama wurin tambaya. Ba a yi wata guda ba wata mata daga ƙauyen da ke gaba da namu ta yi sallama a gidanmu da 'yarta budurwa, wadda take rufe baki da hijabi ko gaisuwa za ta yi. Fiƙoƙinta biyu sun fito can sama, sun hau kan 'yan'uwansu. Uwar ta ce an ce mata ni ne malamin da aka yi wa gyara, ko zan duba. Na ce ni ba likita ba ne, iyakata in faɗi abin da ya same ni. Na gaya musu a fara zuwa asibiti a duba, kada a yarda da wanda zai manna waya bai ɗauki hoton ƙashi ba, aikin yana da tsada, yana da ciwo, kuma ba ya sauri. Yarinyar ta saurara har na gama, sannan ta sauke hijabin kaɗan daga bakinta.

"Malam, ana cin awara da shi?"

Na ce ana ci, awara ba ta da laifi.

Ta dubi uwarta ta ce, "To, Inna, mu je."

Na rubuta musu kwatancen sashen da za su nema da ranar da ake yankar kati, na ce su kama motar farko daga Ɗambatta don layin yana da tsawo. Uwar ta ninke takardar ta ɗaure a bakin zaninta, suka yi mana sallama suka tafi.